Zomon Angora A Gaban Alƙali

A ƙasar Amurka akwai masu sha'awar kiwon zomon Angora, mai dogon gashi mai laushi, wanda ya samo sunansa daga birnin Ankara na Turkiyya. Ƙungiyar masu kiwon zomaye ta ƙasar, wadda aka kafa a 1910, takan shirya babbar gasa kowace shekara. Alƙali yakan hura gashin da baki ya duba cikarsa har fata, domin fiye da rabin makin a kan gashi ake ba da shi.

Amma tara gashin nan kasada ce. Zomo yakan lashi jikinsa, ga shi ba ya iya amai; in gashin ya cushe masa ciki, sai ya daina cin abinci, wani ma ya mutu ana sauran kwanaki kaɗan a shiga gasa.