Ja Ka Ajiye: Wa Ke Riƙe da Lissafin?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Sandaga ta Duwala ana sauke albasar Marwa da Garwa ya san buhu ba ya tafiya haka siddan. Kowanne da shaidar mai shi a jiki. Ɗan dako shaidar yake dubawa, ya kai rumfar da aka ce, mai littafi ya rubuta. In ba a rubuta ba, da yamma sai cacar baki.

To, haka abin yake idan yaro a shagon intanet na unguwar New Bell ko Sodiko ya danne linzami, ya jawo hoton takardar haihuwa ya saka cikin Gmail, ko ya ɗauke wani aiki daga wannan layi zuwa wancan a shafin tsara ayyuka na Trello. A Gmail takardar ce kanta ake lodawa. A Trello kuwa, ido na ganin aikin yana tafiya, amma abin da burauza ta ɗauko lamba ce, shaidar da aka maƙala wa abin. Tana riƙe da ita tun daga ɗauka har ajiyewa, sannan ta aika wa uwar garke saƙo: lamba kaza ta bar nan, ta koma can.

Dabarar ja ka ajiye ta daɗe. Macintosh ta Apple ce ta yaɗa ta a 1984, kuma wasan kartar nan na Solitaire da Microsoft ta saka a Windows a 1990, wanda ya cinye wa ma'aikatan ofis lokaci ba kaɗan ba, koya wa hannu jan linzami yake yi. Shafukan intanet sun samu da Internet Explorer 5 a 1999, aka tabbatar da ƙa'idar cikin HTML 5.1 a 2016.

Inda hikimar ta fi burge ni shi ne jeri. A ce buhu ɗari ne a layi, ka cusa ɗaya tsakanin na uku da na huɗu. Sai a sake wa duk na baya lamba? Trello ba ta wannan wahala: tana barin tazara mai faɗi tsakanin lambobi, sabon shiga ya karɓi ta tsakiyar maƙwabtansa biyu. Rubutu ɗaya ya wadatar.

Sai dai galibin shafuka sukan nuna maka abin ya zauna tun kafin saƙon ya isa, don kada ka ƙosa. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, layi kuma ya tsinke da saukar ruwan sama, nan mutane ke shan mamaki: an biya kuɗin awa, an tafi gida, washegari takarda ta ce ɗauke ni inda ka ajiye.

Saboda haka kafin ka tashi daga kujera, jira layin lodi ya cika, ka ga sunan takardar ya fito. In jeri ka gyara, danna F5 shafin ya sabunta. Abin da ya tsaya inda ka sa shi ya shiga littafi. Wanda ya koma mazauninsa na da, sai ka sake jawo shi.