ƘWAYAR DA BA TA KAI GERO BA, AMMA ANA SHARI'A A KANTA

Ranar wata kasuwa da ta wuce, wayar salular da nake ɗaukar muryoyin jama'a da ita saboda shirinmu na rediyo ta ɓullo da wani hali. Ko ba a taɓa ta ba sai ta yi zafi, batir kuma ba ya kai azahar. Na kai ta wurin wani yaro mai gyara a layin masu salula. Ya kwance ta, ya riƙa dafa bakin mitarsa nan da can a kan allon da suke kira fanel, can sai ya sa hantsaki ya ciro wani abu ya ɗora mini a tafin hannu. Sai da na ƙura ido sosai sannan na gan shi, domin ƙwayar gero ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Ya ce mini wannan ne ya tsage, wuta ke zurarewa ta cikinsa.

Masu gyara na kiran abin nan kwandansa. Da na bi diddiginsa sai na tarar cewa a kan ƴan ƙarafan da ke bakinsa biyu, manyan kamfanonin duniya na kashe maƙudan kuɗi, ma'aikatan gwamnati na kwashe watanni suna bincike, har a kan kai ga shari'a. Na ga ya dace in kawo wa ƴan kasuwarmu na Maraɗi, Ƙonni, Ɗan Isa, Magarya da sauran bakin iyaka wannan bayani, tunda su ne ke zuba jarinsu a kan salula, caja da rediyo, kuma su ne mai saye ke komowa wurinsu da fushi idan kaya ya mutu.

Mene ne a cikinta?

Aikin kwandansa kamar na randa ne a gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa. Tana tara ƴar wuta, idan wutar da ke tafiya cikin waya ta yi ƙasa sai ta cike giɓin, idan ta yi tsalle sai ta shanye. Babbar salula ta zamani na ɗauke da irinta wajen dubu, motar zamani kuwa dubbai.

Ana yin ta ne da tangaran na musamman da kuma ƙarfen da ake kira nikel, ana jera su shimfiɗa kan shimfiɗa: tangaran, ƙarfe, tangaran, ƙarfe, har ɗaruruwa, kowace shimfiɗa ta fi gashin kai siranta ninkin ba ninkin. Sai a gasa su a wuta mai zafin da ya wuce digiri 1,000. Daga cikin ƙananan da ake sayarwa akwai mai tsawon milimita 0.4 da faɗin milimita 0.2, akwai ma wadda ba ta kai haka ba.

Shimfiɗun ƙarfen nan, rabi na leƙowa ta bakin dama, rabi ta bakin hagu. Don a haɗa su, sai a sa wa kowane baki hula ta ƙarfe. Hular yawanci hawa uku ce. Na farko jan ƙarfe, shi ke kama shimfiɗun ciki. Na biyu nikel, shi ke kare jan ƙarfen kada narkakkiyar dalma ta cinye shi lokacin da ake manna ƙwayar a kan allo. Na uku kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Jos, ita ke sa dalma ta kama da kyau.

To a wajen hular nan matsala ta fi aukuwa. Idan waya ta faɗi, ko aka zauna a kanta tana cikin aljihu, allon kan ɗan lanƙwashe, tangaran kuwa ba ya lanƙwasa, sai ya tsage daga gindin hula. Danshi ya shiga, wuta ta samu gajeriyar hanya. Abin da ya samu wayata ke nan. Saboda haka kamfanoni ke ta neman dabarun gyara hular, kuma duk wanda ya samo wata dabara sai ya garzaya ya nemi takardar mallakarta.

Takardar mallakar ƙirƙira

Wannan takarda, wadda masu Faransanci ke kira brevet, suna ɗaya da na jarrabawar ƴan koleji, ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana asirin dabararsa filla-filla a rubuce, hukuma kuma za ta ba shi ikon hana kowa ƙerawa, sayarwa ko shigo da abin ba da izninsa ba har shekara 20 daga ranar da ya ajiye buƙatarsa. Bayan wata 18 da ajiyewa akan wallafa bayanin kowa ya karanta, yau ma ga su nan a intanet kyauta. Idan shekara 20 ta cika, dabarar ta zama ta kowa.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. A ƙasashe irin su Japan, Amurka, Koriya ta Kudu da Sin, ajiye buƙata daban, samun takarda daban. Akwai mai bincike, ma'aikacin gwamnati wanda ya karanci fannin, shi ke zama ya tantance. Shahararren masanin nan Albert Einstein irin wannan aiki ya yi a birnin Bern na ƙasar Suwizalan daga 1902 zuwa 1909. Aikin kuwa ba kaɗan ba ne, domin a shekarar 2023 kaɗai an ajiye buƙatu fiye da miliyan 3 da rabi a duniya, kusan rabinsu a ofishin ƙasar Sin. A Japan, idan mai buƙata bai nemi a yi masa binciken ba cikin shekara 3, ana ɗauka ya janye.

Tambayoyi uku mai bincike ke yi. Shin abin sabo ne, ba a taɓa bayyana shi a ko'ina a duniya ba? Shin akwai basira a ciki, ko kuwa duk gwanin sana'ar zai iya kai wa gare shi ba da wahala ba? Shin za a iya ƙera shi a yi amfani da shi a masana'anta? Don ya amsa ta farko sai ya shiga rumbun tsofaffin takardu. An rarraba ƙirƙire-ƙirƙiren duniya gida-gida da lambobi, kamar yadda aka raba kasuwa layi-layi, kuma layin kwandansa shi ne H01G. Dubban takardu ne a wurin, da yawansu da harshen Japan.

Yadda ake ja-in-ja

Bari in ba da misali don a gane. A ce wani kamfani ya zo ya ce: na ƙirƙiro hula mai hawa huɗu, na sa wani ƙaro mai laushi gauraye da garin azurfa tsakanin jan ƙarfe da nikel, don idan allo ya lanƙwashe ƙaron ya shanye wahalar, tangaran ya tsira. Dabara ce ta gaske, ana kuma amfani da ita sosai a kayan motoci. Mai bincike zai duba ya ga an daɗe da bayyana ta, sai ya rubuto wa kamfanin cewa ya ƙi, ga dalili, ga lambobin tsofaffin takardun.

Kamfanin ba zai tafi ba. Lauyoyinsa za su dawo su ce: mun ji, ba ma neman dukan dabarar. Abin da muke nema shi ne hular da ƙaron ya tsaya a gefe-gefe bai rufe goshi ba, kaurinsa kuma daga kaza zuwa kaza, domin ta haka wuta ba ta samun cikas, kuma ga sakamakon gwajin da muka yi na lanƙwasa allo. Sai mai bincike ya sake dubawa. Idan ya ga haɗa tsofaffin takardu biyu kawai aka yi, ya sake ƙi. Idan ya ga lalle an samu wani amfani da ba a zata ba, sai ya amince, amma a kan wannan ɗan yanki kawai.

Abin ya yi kama da rikicin iyakar gona. Mai nema na son ya ja iyakarsa ta yi faɗi, mai bincike na matso da ita, domin duk taƙin da ya ba shi ya hana wa sauran jama'a ke nan har shekara 20. Shi ya sa a ƙarshen kowace takarda ake jera da'awoyi masu lamba, su ne duwatsun iyaka, su kuma alƙali ke dubawa idan an yi ƙara. Bambancin kashi ɗaya cikin dubu na milimita kan iya raba mai gaskiya da mai laifi.

Me ya sa ake wannan wahala a kan abin da farashin guda ɗaya sau da yawa bai kai dala ba? Saboda yawa. Ana ƙera su biliyoyi a kowace rana. Da can shimfiɗun ciki da wani ƙarfe mai tsada ake yin su, faladiyam, wanda a farkon 2001 farashinsa ya haura dalar Amurka 1,000 a kan awo ɗaya mai giram 31. Nikel ya fi araha nesa, amma yana lalacewa idan an gasa shi cikin iska, in kuma an cire iskar sai tangaran ya ɓaci. Kamfanonin da suka gano haɗin tangaran mai jure wannan gashi, galibinsu na Japan, su suka kama kasuwa. Murata da ke yankin Kyoto, wanda aka kafa a 1944, shi ne kan gaba, ga kuma TDK da Taiyo Yuden a Japan, Samsung Electro-Mechanics a Koriya ta Kudu, da Yageo a Taiwan.

A 2009 Murata ya kai ƙarar Samsung Electro-Mechanics gaban hukumar ciniki ta Amurka, wadda ke da ikon tare kaya a bakin iyaka, yana cewa an shiga gonarsa a kan ƙirar kwandansa, a hana shigo da su. Bayan dogon nazari, a 2011 hukumar ta yanke cewa ba a karya doka ba, kayan suka ci gaba da shiga. Wato ko babban kamfani mai takarda a hannu na iya faɗuwa a shari'a.

A nan wajenmu fa?

Takardar mallaka ba ta tsallake iyaka da kanta. Wadda aka bayar a Tokyo ba ta da ƙarfi a Maraɗi sai in an nemi irinta a nan. Nijar, Kamaru, Cadi, Benin da wasu ƙasashe, su 17 gaba ɗaya, ofishi guda gare su, wato OAPI da ke Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Takarda ɗaya daga can na aiki a dukansu. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Bamako a 2015 ya tanadi a riƙa yin bincike mai zurfi irin wanda na bayyana. Gana da Sudan na cikin wata ƙungiyar daban, ARIPO, mai ofishi a Harare. Nijeriya kuwa ba ta cikin ko ɗaya. Dokarta ta 1970 ta ce magatakarda ya duba cikar takardu kawai, ba ya tantance ko abin sabo ne, sai in an je kotu.

Masu kwandansa sun fi neman takardunsu a inda ake ƙira da manyan kasuwanni, ba kasafai suke zuwa ƙasashenmu ba. Don haka da wuya ɗan duwan ko kwastan ya tare maka kaya saboda hular kwandansa. Abin da ke jawo kamu shi ne tambarin jabu, wato a buga sunan wani kamfani a kan kayan da ba nasa ba. Wannan doka ce daban, kada a haɗa su.

Abin da ɗan kasuwa zai riƙe

Na farko, takardar mallaka ba shaidar inganci ba ce. Mai bincike ya duba ne ko dabarar sabuwa ce, bai leƙa cikin kwalin da aka aiko maka daga Guwanzu, Dubai ko Legas ba. Idan dillali ya nuna maka wata doguwar lamba a jikin kwali yana cewa kaya ne mai takarda, kada wannan kaɗai ya sa ka ƙara ko dala.

Na biyu, ba duk mai araha ne na sata ba. Dabaru da yawa shekarunsu 20 sun cika, kowa na da ikon ƙera su. Amma akwai arahar da ake samu ta hanyar rage kaurin nikel, ko sa ƙwayar da ba ta kai ƙarfin wutar da za ta ɗauka ba, ko a cire ta gaba ɗaya. A 2017 da 2018 an yi ƙarancin kwandansa a duniya, farashi ya tashi, kuma a irin wannan lokaci ne masu ha'inci ke samun ƙofa. Ido ba zai gane maka ba.

Na uku, maganar caja ta fi ta waya haɗari. A cikin caja akwai kwandansar da ke zaune tsakanin ɓangaren wutar gida mai bolt 220 da ɓangaren da ke zuwa waya mai bolt 5. Idan ba mai inganci ba ce ta huje, wutar gida na iya isa hannun mai riƙe da waya. Nan ba jari kaɗai ke cikin haɗari ba, har da rai. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Shawarata ita ce, kafin ka sari katan ɗari, sayi biyu ko uku ka kai wa amintaccen mai gyara ya buɗe ya gwada, ya bar su a kan wuta ya ga ko suna zafi. Ka karɓi rasit mai sunan wanda ya sayar maka, ku kuma yi magana tun farko a kan abin da za a yi da kayan da suka mutu. Ka riƙa tambayar masu gyaran layinku wane kaya ne ya fi dawowa wurinsu, domin su ne ke ganin cikin abin da kai ke ganin bayansa.

Wayata dai yaron ya cire mata ƙwayar da ta tsage, ya ciro wata daga wani mataccen allo ya manna, na ba shi jikka ɗaya, har yau tana aiki. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.