Idan Baki Ya Ƙi Rufuwa, Jinin Mai Ciwon Na Iya Zama Magani

Hamma ɗaya ta isa. Mutum ya wage baki, ya ji ƙas a gaban kunne, shi ke nan baki ya tsaya a buɗe, yawu na dalala, magana ta gagara. Kan ƙashin muƙamuƙin ƙasa ne ya tsallake ɗan tudun ƙashin da ke gabansa, naman wurin ya ɗaure ya hana shi komawa gurbinsa. Likita kan naɗe manyan yatsunsa da bandeji, ya ɗora su kan turamen haƙoran ƙasa, ya danna ƙasa ya tura baya, ƙashi ya koma.

Wahalar tana ga wanda gocewar ta zame masa jiki: yau dariya, gobe amai, jibi wajen cire haƙori. An fi ganin haka ga tsofaffi da masu farfaɗiya da waɗanda jijiyoyin gaɓarsu suka saki. Irin waɗannan a kan kai su ga tiyata, a kankare tudun nan ko a ƙara masa tsayi.

Akwai hanyar da ba ta kai nan ba, wadda wani likita mai suna Brachmann ya bayyana tun 1964. Sai a kashe zafin wurin, a wanke cikin gaɓar muƙamuƙin da ruwan asibiti, a zuƙo jini daga hannun majinyacin. A zuba kamar mililita 2 cikin gaɓar, mililita 1 a kewayenta. Jinin yakan tayar da ɗan kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon ya tsuke wurin har ƙashi ya daina zarce iyaka. Daga nan a ɗaure haɓa da bandeji, a koma kunu da fate na ɗan lokaci, hamma ma sai an tallafe haɓa.

A binciken da Machon da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, cikin majinyata 25, 20 sun yi shekara guda muƙamuƙinsu bai sake gocewa ba. Adadin kaɗan ne, gaskiya, kuma wasu sai an maimaita musu. Akwai kuma fargabar cewa jini na iya lahanta guringuntsi, kamar yadda yake cinye gaɓoɓin masu cutar rashin daskarewar jini, ko da yake nasu zubar jinin a kai a kai ne.

A ganina, ga talakan da kuɗin tiyata ya fi ƙarfinsa, ya dace a fara gwada wannan. Amma jijiyar da ke motsa fuska tana ratsawa daf da wurin. Ba aikin mai kyamis ko maɗori ba ne. A nemi likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a asibitin koyarwa.