Zaɓen Ƙarfin Aika Saƙo a Na'urorin Rediyo Masu Tsarin Raga

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an samu yaɗuwar wasu ƙananan na'urorin rediyo da ke musayar gajerun saƙonnin rubutu a tsakaninsu, ba tare da layin waya ko intanet ba. Akasarinsu suna aiki ne da fasahar LoRa, wadda kamfanin Cycleo na ƙasar Faransa ya ƙirƙiro, kafin kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a shekarar 2012. Manhajar Meshtastic tana cikin fitattun manhajojin da ke haɗa irin waɗannan na'urori cikin tsarin da wannan maƙala ta kira "raga", wato tsarin da kowace na'ura ke karɓar saƙon da ta ji, ta miƙa shi gaba, har ya isa ga mai shi.

Daga cikin abubuwan da mai na'ura yake da ikon saitawa akwai ƙarfin da take aika saƙo da shi. Da yawa sukan ɗauka cewa ƙure wannan ƙarfi shi ne hanyar kai wa nesa. Maƙalar ta yi bayanin dalilan da suka sa ƙarfin da ya dace shi ne mafi ƙanƙantar da zai tabbatar da cewa saƙo ya je, amsarsa kuma ta dawo.

2.0 Ma'aunin Ƙarfi da Nisan da Yake Sayowa

Ana auna ƙarfin aikawa da ma'aunin dBm, wanda aka gina a kan desibel. Lissafinsa na ninki ne: 0 dBm daidai yake da miliwat 1, 10 dBm miliwat 10, 20 dBm miliwat 100, sannan 30 dBm wat guda. Duk ƙarin desibel 3 yana nufin an ninka ƙarfin sau biyu. Ƙwayoyin rediyo biyu da aka fi samu a cikin waɗannan na'urori su ne SX1276, wadda iyakarta 20 dBm, da SX1262, wadda ke kai wa 22 dBm, wato kimanin miliwat 158.

Sai dai nisa ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar ƙarfi. A sarari fetal, inda babu abin da ya tare hanya, ninka nisa sau biyu yana buƙatar ƙarin desibel 6, wato ninka ƙarfi sau huɗu. A cikin gari kuwa, inda gine-gine da bishiyoyi ke shanye sigina, yana buƙatar desibel 9 zuwa 12. Ke nan wanda ya ɗaga na'urarsa daga 14 dBm zuwa 20 dBm a tsakiyar unguwa, abin da zai samu bai wuce ƙarin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na nisan farko ba.

Batir ne ke biyan kuɗin wannan ƙari. Ƙwayar SX1276 tana jan wutar da ta kai miliamfa 29 a 13 dBm, da 87 a 17 dBm, da kuma 120 a 20 dBm. Na'urar aljihu da ke yini tana sauraro ba za ta ji wannan bambanci sosai ba. Amma wadda aka kafa a kan tudu da ƙaramin farantin sola, tana miƙa saƙonnin jama'a dare da rana, tana iya mutuwa kafin asuba saboda shi.

3.0 Ɗaga Murya Ba Ya Ƙara Ji

Sadarwa hanya ce mai zuwa da dawowa. Idan aka sanya wa wata na'ura abin ƙara ƙarfi har ta kai wat guda, alhali maƙwabtanta suna kan miliwat 100, akwai tazarar desibel 10 a tsakaninsu. Na nesa za su ji ta, ita kuwa ba za ta ji amsarsu ba. Da yake manhajar tana sake aika saƙon da ba ta sami shaidar isarsa ba, sai na'urar ta riƙa maimaita abin da tuni ya isa, tana cinye lokacin da wasu ke jira.

Matsalar ta fi tsanani a tsarin raga, domin dukkan na'urorin suna tarayya ne a kan zango guda. Kowace tana saurarawa kafin ta yi magana, idan ta ji wata na aikawa sai ta dakata. Na'ura mai ƙarfi fiye da kima takan tilasta wa na'urori masu yawa yin shiru duk lokacin da ta buɗe baki. Haka kuma, tun da ba ta jin raunanan da ke nesa, takan faɗa cikin maganarsu, saƙonni biyu su yi karo, mai raunin ya salwanta.

Hasali ma, an gina Meshtastic ne a kan taimakekeniya. A saitinta na asali saƙo yana iya sauya hannu sau 3, ana kuma iya ƙarawa har zuwa 7. Na'urar da ta ji saƙo da rauni, wadda alama ce ta cewa ita ce mafi nisa, ita ake ba damar fara miƙa shi, sauran da suka ji ta miƙa sai su haƙura. Saboda haka na'urori uku masu matsakaicin ƙarfi da aka jera a wuraren da suka dace sukan kewaye dutsen da na'ura guda ba za ta huda ba komai ƙarfinta. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

4.0 Abubuwan da Suka Fi Ƙarfi Tasiri

Abu na farko shi ne tsayin eriya. A irin waɗannan zanguna sigina yana tafiya ne kusan a miƙe, kuma lanƙwasar doron ƙasa tana yanke shi. Eriyar da ke mita 2 daga ƙasa tana hangen kimanin kilomita 6, wadda ke mita 10 tana hangen 13, wadda ke mita 25 kuwa kimanin 20. Ribar tsayi tana aiki wajen aikawa da wajen karɓa baki ɗaya, saɓanin ƙarin ƙarfi da ke amfanar ɓangare guda.

Na biyu shi ne wayar da ta haɗa na'ura da eriya. Siririyar waya nau'in RG-58 tana zubar da kusan rabin desibel a kowace mita a wajajen megahaz 900, don haka mita 6 kawai sun isa su cinye rabin ƙarfin. Ya fi alfanu a ɗora na'urar kanta kusa da eriyar.

Na uku shi ne saurin aikawa. LoRa tana iya tsamo saƙo ko da hayaniyar iska ta fi shi ƙarfi. Matakan shimfiɗa saƙo daga 7 zuwa 12 kowannensu yana ƙara kaifin ji da kimanin desibel 2.5, amma yana kusan ninka lokacin da saƙon zai ɗauka a iska. A ragar da ta cika da na'urori, wannan jinkiri shi ma cunkoso ne.

5.0 Iyakar Doka

Zangon iska dukiyar ƙasa ce, kuma kowace ƙasa da ƙa'idarta. A Turai, tsakanin megahaz 869.4 da 869.65 an yarda da miliwat 500, da sharaɗin kada na'ura ta yi aikawa fiye da kashi 10 cikin ɗari na lokaci. A Amurka ana amfani da megahaz 902 zuwa 928, da iyakar wat guda. Dokar Turai tana lissafawa ne har da ribar eriya, saboda haka na'ura mai 22 dBm da aka haɗa da eriya mai ribar desibel 9 ta riga ta haura iyaka. A Meshtastic, barin saitin ƙarfi a kan 0 yana nufin na'urar ta yi amfani da iyakar yankin da aka zaɓa mata, gwargwadon abin da ƙwayarta za ta iya.

Wannan batu ya shafi masu sayo na'urori daga waje zuwa Nijeriya da Nijar. Zangon Amurka ya shiga cikin megahaz 890 zuwa 915, inda wayoyin salula na GSM ke aika sigina zuwa turakunsu. Wajibi ne a duba ƙa'idar hukumar NCC a Nijeriya, ko ARCEP a Nijar, kafin a zaɓi zango da ƙarfi.

6.0 Matakan Zaɓe

Da farko a saita yanki daidai, a kuma tabbatar an ɗaura eriya kafin a kunna na'ura, domin aikawa babu eriya yana iya ƙona ƙwayar. Sai a kafa eriyar a wuri mafi tsayi da ya samu. Bayan nan a gwada sadarwa da maƙwabciyar da ake buƙatar kai wa gare ta, ta ɓangarorin biyu, ana duba alƙaluman da manhajar ke nunawa na fifikon sigina a kan hayaniya. A mataki na 11, wanda saitin asali ke amfani da shi, ji yana yankewa a wajajen desibel 17.5 ƙasa da hayaniya. Idan alƙaluman sun yi nesa da wannan gaɓa, sai a riƙa rage desibel 3 ana sake gwadawa, a tsaya tun da sauran rata mai kauri. Ratar tana da muhimmanci domin yanayi yana sauyawa: hanyar da ta buɗe da rani tana iya toshewa da damina, lokacin da bishiyoyi suka yi ganye, gero da dawa kuma suka yi tsayi.

7.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa ƙarin ƙarfi yana sayo nisa kaɗan da tsadar batir, ba ya ƙara wa na'ura ji, kuma yana tauye haƙƙin sauran na'urorin da ke kan zangon. Ƙure ƙarfi yana da muhallinsa, kamar tsakanin ƙauyuka biyu masu nisa da babu na'urar miƙawa a tsakaninsu, muddin ɓangarorin biyu sun yi daidai kuma doka ta yarda. A inda na'urori suka yawaita kuwa, tsayin eriya da kyakkyawan wurin kafawa su ya kamata a fara nema, ƙarfi ya zo daga baya gwargwadon abin da gwaji ya nuna.