Hoton wa ne? Haƙƙin mai ɗaukar hoto da na matafiyi a jiragen ruwa na yawon shaƙatawa

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna son mu duba wata tambaya wadda ƙarama ce a ido, amma tana taɓa tushen abin da Faransanci ke kira droit d'auteur, watau haƙƙin mawallafi. Tambayar ita ce: mutumin da ya tafi hutu cikin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, ma'aikacin jirgin ya ɗauke shi hoto, shin yana da izinin ya kwafi hoton nan ba tare da ya biya ba, ko kuwa ya sayi ɗaya ya mayar da shi goma? A shekarar 2023 mutum fiye da miliyan 31 suka yi irin wannan tafiya a duniya, mafi yawa a tekun Karibiyan da Bahar Rum, saboda haka tambayar ba ta mutum ɗaya ba ce.

Tun daga harshe ruɗanin ke farawa. Idan Bahaushe ya ce «hotona», abu uku yake iya nufi: hoton da nike ciki, hoton da na saya, ko hoton da na ɗauka. Kalmar «mai hoto» ma tana nufin ma'aikacin da ke riƙe da na'ura, tana kuma iya nufin wanda takardar ke hannunsa. Doka ta raba waɗannan ma'anoni uku, ta bai wa kowace irin nata haƙƙi, kuma bisa wannan rabo za mu bi maganar.

2. Yadda sana'ar ke gudana cikin jirgi

Masu ɗaukar hoto na jirgi suna tare matafiya a wurare sanannu: ranar shiga jirgi, bakin matakala idan an tsaya wata tasha, wurin cin abincin dare, da daren ado inda ake gaisawa da kwamandan jirgin. Matafiyi ba ya biyan komi lokacin ɗauka, kuma ba a tilasta masa saye. A tsohon tsari, wanda wasu jirage ke bi har yanzu, ana wanke hotunan a jera su a bango, kowa ya nemi nasa, abin da ba a saya ba a lalata shi idan tafiya ta ƙare. A sabon tsari hotunan suna cikin kwamfuta, ana nemo su da katin ɗakin kwana ko da na'urar gane fuska, kuma ana iya sayen su a takarda ko a tura wa mutum cikin salula.

Abin lura a nan shi ne, kamfani yana kashe kuɗin ɗaukar hotuna masu yawa domin ya sayar da wani kaso kawai. Kuɗin hoton da aka saya shi ke biyan wanda ba a saya ba, dalili ke nan da farashin ke da tsada. Ma'aikatan kuwa, ko na kamfanin jirgin ne ko na wani kamfanin da ya karɓi kwangilar, galibi albashinsu kaɗan ne, sai la'ada bisa yawan cinikin da aka yi.

3. Takarda daban, aiki daban

An daɗe ana gardama ko hoto aikin mutum ne ko aikin na'ura. A 1884 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Napoleon Sarony, wanda wani kamfanin ɗab'i ya kwafi hoton da ya ɗauki marubuci Oscar Wilde. Kotun ta ce tsayar da mutum, zaɓen tufafi da daidaita haske duka aikin basira ne. A Faransa dokar 11 ga Maris 1957 ta kare hoto ne kawai idan yana da siffar fasaha ko ta shaida, sai dokar 3 ga Yuli 1985 ta cire wannan sharaɗi. A 2011 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Eva-Maria Painer, ta tabbatar cewa ko hoton fuska irin na makarantar yara yana samun kariya muddin mai ɗauka ya yi zaɓi na ƙashin kansa. Bisa ga haka, hoton daren ado, inda aka tsayar da iyali gaban labule aka gyara fitila, ya shiga ƙarƙashin doka. Hoton bakin matakala da ake ɗauka cikin gaggawa shi ne wanda ake iya jayayya a kansa.

Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Amurka ba ta shiga ba sai 1989, ta ce kariya ba ta bukatar rajista ko wata alama. Ke nan rashin tambari a bayan hoto ba ya nufin an yafe shi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce wadda matafiyi ke yawan mantawa. Aya ta 202 ta dokar Amurka ta 1976 da aya L.111-3 ta kundin Faransa na 1992 magana ɗaya suka yi: mallakar abin da aiki ke bisa daban take da mallakar aikin kansa. Wanda ya sayi hoto ya mallaki takardar, yana iya rataye ta, ya yi kyauta da ita, ko ya yage ta. Ikon sake buga ta kuwa yana nan wurin mai haƙƙi, kamar yadda sayen littafi ba ya ba mutum izinin kai shi maɗaba'a.

Wane ne mai haƙƙin? A nan tsari biyu suka rabu. A Amurka, aikin da ma'aikaci ya yi cikin aikinsa na kamfanin da ya ɗauke shi ne, kuma kariyar tana kai shekara 95 daga fitar da shi ko 120 daga yin sa. A Faransa kwantaragin aiki ba ya ƙwace haƙƙin daga hannun wanda ya yi aikin sai ya miƙa shi a rubuce, kuma kariyar tana kai shekara 70 bayan rasuwarsa. Ko wanne aka bi, haƙƙin ba ya hannun matafiyi.

4. Dokar wace ƙasa?

Jirgi yana iya tashi daga Miyami, yana ɗauke da tutar Bahamas, Panama ko Malta, matafiyin kuma Bafaranshe ne. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta sa jirgin da ke tsakiyar teku ƙarƙashin ikon ƙasar da yake ɗauke da tutarta. Amma kwafi yawanci a gida ake yin sa, kuma aya ta 5 ta Berne ta ce dokar ƙasar da ake neman kariya a cikinta ita ke aiki. Ban da wannan akwai sharuɗɗan da ke rubuce cikin tikiti. A 1991, a shari'ar Carnival da Shute, Kotun Ƙolin Amurka ta amince da sharaɗin tikiti da ya ce a Florida kawai ake iya kai ƙara. Don haka idan kamfani ya hana ɗaukar hoton hotunan da aka jera, yana da madogara ta biyu, watau yarjejeniyar da matafiyi ya karɓa da dokokin cikin jirgin.

5. Kwafi iri uku

Na farko shi ne wanda ya ɗaga salula ya ɗauki hoton da ke bango ko bisa allon kwamfuta, bai biya komi ba. Dokar Amurka ba ta da sassauci na musamman domin kwafin amfanin kai, sai dai alƙali ya auna abubuwa huɗu na aya ta 107, ciki har da ɓarnar da aka yi wa kasuwar aikin, kuma a nan kwafin ya maye gurbin saye kai tsaye. Faransa tana da wannan sassauci a aya L.122-5, amma tun 2011 an ƙara sharaɗin cewa abin da aka kwafa ya zo hannun mutum ta halattacciyar hanya, kuma da wuya a ce hoton da aka ɗauka bayan an hana ya cika wannan sharaɗi.

Na biyu shi ne wanda ya sayi takarda ɗaya, yana son ya adana ta cikin kwamfuta ko ya ƙara bugawa. Idan shi da kansa ya yi, domin kansa, dokar Faransa ta yarda. Idan ya kai shago, magana ta sake: tun 1984 kotun ƙolin Faransa ta ɗauki mai shagon fotokopi a matsayin wanda ya yi kwafin. A Amurka, a 1994, wata kotun ɗaukaka ƙara ta kama kamfanin Linn Photo da laifin sake buga hotunan sutudiyon Olan Mills, ko da yake wanda ya kawo su ya sa hannu a takarda cewa shi ke da haƙƙi. Wannan ya sa ɗakunan wankin hoto a can ke neman takardar izini kafin su karɓi aiki, kamfanonin jirage da yawa kuma suna haɗa irin wannan izini da hotunan da suke sayarwa ta salula.

Na uku shi ne watsa hoto ga jama'a, a Facebook ko cikin tallar wata haja. Wannan ya fita daga amfanin kai. Izinin da ake bai wa matafiyi yakan haɗa da nuna wa dangi da abokai, ba ya haɗawa da kasuwanci. A Amurka diyyar da doka ta tsara ga aikin da aka yi wa rajista cikin lokaci tana tsakanin dalar Amurka 750 da 30.000, tana iya kai 150.000 idan da gangan ne.

6. Haƙƙin fuska

Matafiyi ma ba hannu wofi yake ba. Aya ta 9 ta kundin dokar farar hula na Faransa, tun 1970, tana kare rayuwar mutum ta sirri, kuma a kanta kotuna suka gina ikon mutum bisa siffarsa. A Ingila dokar 1988 ta mayar da haƙƙin hoton da aka ba da odarsa ga mai ɗauka, amma aya ta 85 ta bai wa wanda ya ba da odar hoton gida ikon hana a nuna shi ga jama'a. Ke nan ɗaya yana riƙe da aikin, ɗaya yana riƙe da fuskar, kowane yana iya hana, babu mai iya watsawa shi kaɗai. Sai dai tikiti da yawa suna ɗauke da sharaɗin da ke bai wa kamfani izinin amfani da hoton matafiyi cikin talla, abin da ya kamata a karanta tun kafin a shiga jirgi.

7. Ta fuskar ɗa'a

Kamfani da wuya ya kai mutum kotu domin hoto ɗaya, kuɗin shari'a ya fi abin da ake nema. Saboda haka abin da ke hana mutum ko ya bar shi, lamirinsa ne. Hujja uku ake kawowa. Ana cewa fuskata ce: gaskiya ne, amma wannan yana ba mutum ikon ƙin a ɗauke shi, ko neman a cire hoton daga bango. Ana cewa ai lalata shi za a yi: amma wanda ya kwafa ya nuna cewa abin yana da daraja a wurinsa. Ana cewa kamfanin ya fi ƙarfin kuɗin hoto ɗaya: amma la'adar ma'aikaci ce ke fara raguwa, sauran kuma a aza shi bisa masu saye.

Ga wanda ya biya kuwa, mu a ganinmu adana kwafi don gudun takarda ta lalace, ko aika wa iyaye su gani, ba zalunci ba ne, ko da wata doka ta ƙuntata. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a taronta na Kuwait a 1988, ta ɗauki haƙƙin wallafa a matsayin dukiya wadda bai halatta a keta ba, kuma ma'aunin shi ne ko an hana mai aiki ladan aikinsa.

8. Kammalawa

Nijar ba ta da teku, amma tana cikin yarjejeniyar Berne da ta Bangui ta 1977, wadda ratayenta na 7 ya lissafa hoto cikin ayyukan da ake karewa, kuma tana da hukumar BNDA. Tsarin jirgin ma ba baƙo ba ne a gare mu: mai hoton da ke zuwa wajen biki ko suna a Maraɗi da Damagaram, ya ɗauki baƙi ba su nema ba, ya wanke ya dawo ya baza kafin taro ya watse, shi ma cinikin wasu yake jira ya biya asarar wasu, kuma salula ɗaya ce ke cin kasuwarsu. Muna ganin ɗalibanmu na fannin doka da na harshe suna da fili a nan: su binciki yadda masu wannan sana'a da abokan cinikinsu ke fahimtar kalmar «hotona», da irin yarjejeniyar baki da ke tsakaninsu.