Akawun Rajista, Mai Riƙon Asirin Mabuƙata

A ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, kowane fayil asirin wani gida ne: matar da miji ya daina ciyarwa, jaririn da aka tsinta a bakin kasuwa, marayan da dangi ke jayayya kan riƙonsa. Jami'in walwala ne ke sauraron koke, amma takardun a hannun akawun rajista suke kwana.

Aikin yana da ƙa'ida. A ma'aikatun gwamnatin Najeriya rajista iri biyu ce, ta fili da ta sirri, kuma ta sirrin ba kowa ke taka ta ba. Da zarar an buɗe sabon fayil, akawu zai ba shi lamba, ya huda kowace takarda a kusurwa, ya zura mata igiya, ya rubuta lambar shafi. Ko ɗaya aka zare, giɓin zai tona. Fayil ba ya fita sai an rubuta a littafi wanda ya karɓa da ranar, ya sa hannu. Kafin a tashi aiki, komai ya koma kabad, an kulle. Sai kuma fama da gara da yoyon damina.

Doka na bayan akawu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta hana sakin bayanan masu karɓar tallafin hukuma ba da yardarsu ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuwa ta shafi har abin da ke cikin kwamfuta, a zamanin da hoto guda a WhatsApp ke zagaye unguwa kafin la'asar.

Sai dai babbar jarrabawar ba ta ɓarawo ba ce, ta sanayya ce. Wani dattijo zai leƙo: "Ɗana, ɗan duba mini me surukata ta faɗa." Akawu na ƙwarai zai russuna ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, ba ni da izini." Ya san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Talaka ba ya buɗe cikinsa ga hukuma sai tura ta kai bango. Ranar da zancensa ya fita gari, ba zai sake dawowa ba, maƙwabciyarsa mai irin damuwarsa ma za ta gwammace ta haɗiye. Shi ya sa wannan kujera, duk da ƙarancin albashinta, ba ta dace da kowa ba sai mai amana.