Ƙetare Rubikon: Takun da Ba Shi da Komawa

Idan Bature ya ce wani ya ƙetare Rubikon, yana nufin mutumin ya yi takun da ba shi da komawa, bakin alƙalami ya bushe. Rubikon ɗin kuwa ɗan rafi ne a arewacin Italiya, ba shi da faɗin da zai tsorata matafiyi. Nauyinsa daga doka ya fito. A zamanin Rumawa shi ne iyaka tsakanin Italiya da lardin Gol da ke kudu da tsaunukan Alps, kuma doka ta haramta wa gwamnan lardi shiga Italiya da sojojinsa. A watan Janairu na shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, majalisar dattawan Rum ta umarci Juliyas Kaisar, gwamnan lardin, ya sallami dakarunsa. Ya ƙi, ya tsallaka rafin da runduna ta 13. Daga nan ya zama ɗan tawaye, ko dai ya ci yaƙi ko ya rasa kansa. Yaƙin basasa ya ɓarke, ya karya abokin hamayyarsa Pompey a Farsalus a shekara ta 48, shi ma Kaisar aka kashe shi a shekara ta 44.

Wani zai ce labarin ya sha gishiri, tunda Kaisar bai ambaci rafin ba a littafin da ya rubuta kan yaƙin, kuma marubuta tarihi Fulutak da Suwetoniyas, waɗanda suka ba tsallakawar armashi, sun yi rubutu ne bayan fiye da ƙarni guda. Haka ne, amma shirun nasa ma hujja ce. Mai son duniya ta ɗauke shi wanda aka zalunta ba zai tsaya bayanin wurin da ya taka doka ba.

Saboda haka bai dace a liƙa wa kowace babbar shawara wannan karin magana ba. Sai an rufe hanyar komawa take cika. A ranar 15 ga Agusta 1985, a Durban, shugaban gwamnatin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, P.W. Botha, ya yi iƙirarin ƙasarsa na ƙetare Rubikon, alhali ya ƙi sakin Nelson Mandela, ya kuma ƙi amincewa da ƙuri'a ɗaya ga kowane mutum. Duniya ta gane bai motsa daga gaɓa ba. Darajar kuɗin ƙasar, rand, ta faɗi, Mandela kuma bai fito ba sai a 1990, a mulkin F.W. de Klerk.